Karatun jinya: jami'a ko kwaleji?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin gama sakandare da kiredit biyar ɗin da ake nema, wato Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizik, kina son aikin jinya, amma a gida an rabu biyu: Baba ya fi son jami'a, yayarki kuma ta ce ki nemi kwalejin jinya ki gama da wuri.

Ki fara sanin inda suka haɗu. A Najeriya ba digiri ko difloma ke mayar da mutum nas ba, lasisi ne, kuma hukuma ɗaya ce ke bayar da shi, NMCN, mai kula da ma'aikatan jinya da ungozoma. Ɗalibar BUK da ɗalibar kwalejin jinya ta Birnin Kudu jarrabawar hukumar iri ɗaya suke zaunawa, kowacce ta ci ta zama RN, wato nas mai rajista da lasisi. Don haka duk wanda ya ce miki 'yar kwaleji ba cikakkiyar nas ba ce, bai san aikin ba.

Bambancin farko shi ne lokaci. Digirin jinya na jami'a, wato BNSc, shekara 5 ne. A aji huɗu ake zana jarrabawar RN, a aji biyar ta ungozoma, sannan a yi shekara guda ta horon aiki a asibiti da albashi, sannan bautar ƙasa. Shekara 7 ke nan kafin ki zauna a aikin dindindin, idan komai ya tafi daidai. A jami'o'in gwamnati kuwa ba kullum yake tafiya daidai ba: yajin aikin ASUU na 2022 wata takwas ya ci, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Kwaleji a da shekara 3 ce, a fito da RN. Yanzu makarantu da yawa sun koma tsarin ND da HND, wato ƙaramar difloma da babba, a ƙarƙashin hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, shekara 4 a jere, kuma ta JAMB ake shiga. A ƙarshen shekara ta uku ake yin RN, shekara ta huɗu a ƙware a ungozoma ko lafiyar al'umma, daga nan sai bautar ƙasa. Yajin ASUU bai shafe su ba. Ga yarinyar da ƙanne ke jiran ta fara ɗaukar albashi, wannan tazarar ta shekara biyu ko fiye ba ƙaramin abu ba ce, kuma ba na ganin laifin gidan da ya duba ta.

Sai yadda ake koyarwa. 'Yar kwaleji da wuri take shiga ɗakin marasa lafiya. Gyaran gado, awon zafin jiki da hawan jini, wankin ciwo, allura, ƙarin ruwa, dutin dare, tun tana sabuwa hannunta ke sabawa da su. 'Yar jami'a shekararta ta farko duk ta kimiyya ce tare da sauran ɗalibai, ta biyu kuma a kan ginin jikin ɗan Adam da yadda gaɓoɓi ke aiki, sai daga baya zuwa asibiti ya kankama. Shi ya sa a asibiti za ki ji ana cewa 'yan kwaleji sun fi hannu. A shekarar farko ta aiki akwai gaskiya a maganar. Amma hannu aiki ke kawo shi, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu a ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa da wuya ki bambance su. Abin da ya fi wuyar samu daga baya shi ne zurfin karatu: sanin dalilin da ya sa aka ba wannan magani aka hana wancan, iya karanta bincike, iya rubuta shi. A nan jami'a ta fi ba da lokaci.

Inda nake so ki fi tsayawa shi ne shekara goma sha biyar nan gaba. A aikin gwamnati mai digiri kan fara a mataki sama da mai RN kaɗai. Idan kina son digiri na biyu, mai BNSc kai tsaye take nema, mai HND kuwa yawancin jami'o'i sai ta fara yin PGD, wato diflomar share fagen digiri na biyu. Koyarwa a jami'a sai da digiri. Majalisar Tarayya ta zartar da ƙudurin cire bambanci tsakanin HND da digiri a 2021, amma ba a sa masa hannu ya zama doka ba, don haka kada ki gina lissafinki a kan an cire shi. Ƙasashen waje ma sun bambanta. Ingila ta ɗauki ma'aikatan jinya da yawa masu RN na kwaleji, muddin sun ci jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET da jarrabawar hukumarsu. Saudiyya kuwa, inda mutanenmu suka fi sha'awa, ajin mai digiri daban, na mai difloma daban, kuma albashi na bin ajin.

To me ya hana kowa tafiya jami'a? Gurbi. A ABU, BUK, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, makin shiga jinya yana daga cikin mafiya tsauri, kuma NMCN ta ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka. Da yawa sun nemi jinya aka ba su wani kwas da ba su taɓa so ba. Kwalejojin jiha ma ana turmutsutsu, sai dai sun fi yawa, sun fi kusa da gida, kuma suna fifita 'yan jiha. Kuɗi kuwa, kada ki ɗauka kwaleji ce mai sauƙi a ko'ina. Ki nemo takardar kuɗin makarantar da kike so, ki haɗa da na ɗakin kwana, kayan sawa da rajistar jarrabawar hukuma, musamman idan mai zaman kanta ce.

Ra'ayina: idan makinki ya kai, gida kuma zai iya ɗaukar nauyinki shekara 5 ko 6, ki tafi jami'a. Idan bai kai ba, kada ki zauna shekara biyu ko uku kina maimaita JAMB saboda sunan digiri. Da babu gara ba daɗi, balle wannan da daɗinta. Ki shiga kwaleji, ki karɓi lasisinki, ki riƙe niyyar ƙaro karatu. Mai RN na iya shiga jami'a ta DE, wato kai tsaye ba daga aji ɗaya ba, haka kuma jami'ar karatu daga gida ta NOUN na da BNSc na masu lasisi da ke bakin aiki. Sai dai ki sani wannan hanyar ta fi tsawo, kuma karatu bayan aure da goyo da dutin dare yana da nauyi, ga izinin tafiya karatu da ba ko yaushe ake samu ba. Ki yi wannan maganar da Baba tun yanzu, in akwai wanda ke nemanki, shi ma ya ji ta.

Ko wacce kika zaɓa, kafin a biya ko kwabo ki duba jerin makarantun da NMCN ta amince da su, ki tabbata sunan makarantar da kwas ɗin suna ciki. Akwai masu buɗe makaranta ba izini, ɗalibai su ƙare ba damar zana jarrabawa. Kuma kwas ɗin CHEW, wato ma'aikacin lafiyar al'umma, na kwalejin kimiyyar lafiya aiki ne mai daraja, amma wata hukuma ce daban ke kula da shi, ba ya ba da RN. Koyon allura a asibitin kuɗi, wanda ake kira oksilari, shi kam ba lasisi a cikinsa ko kaɗan.