Jirgi Mai Araha ko Mai Tsada daga Abuja zuwa Legas?

Kan lafiyar jirgi, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Hukumar NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya, ita ce ke ba kowane kamfani lasisi, ita ke duba gyaran injina da iyakance awannin aikin matuƙi, ko nawa ne kuɗin tikitin. A Afrilun 2024 ma an dakatar da kamfanin Dana Air bayan jirginsa ya kauce daga titin sauka a Legas.

Inda araha ke nuna halinta shi ne ranar da aka samu matsala. Kamfani mai jirage kaɗan, idan ɗaya ya lalace da safe, fasinjan azahar a filin jirgin Nnamdi Azikiwe da ke Abuja sai ya yi isha'i a can. Ma'aikaciya ɗaya a teburin karɓar fasinja, jama'a sun yi mata caa, bakinta sai "Alhaji, a yi haƙuri." Kaya kuwa, kilo ɗaya ya ɗara, sai ka biya.

Mai tsadar ma yakan makara, kada a ruɗe ka, amma galibi yana da wani jirgin da zai zuba ku ciki. In biza za ka karɓo ko ɗaurin aure za ka, ni dai ƙara kuɗin zan ce.