Ƙadangaren anol: kore da mai ruwan ƙasa

Launi kan yaudari mai kallo, domin koren anol na kudu maso gabashin Amurka yakan rikiɗe ya koma ruwan ƙasa, amma mai ruwan ƙasa, ɗan asalin Kuba da Bahamas, ba ya taɓa zama kore. Gara ka duba fatar wuyan da namiji ke buɗewa: ta kore ruwan hoda ce, ta ɗayan ja mai ratsin lemo. Mai ruwan ƙasa yana tsayawa gindin bishiya, kai ƙasa, ya diro ya cafke ƙwaro. Kore kuwa cikin ganye yake lallaɓawa. A wasu tsibiran jihar Fulorida ta Amurka, da baƙon, wato mai ruwan ƙasa, ya shigo, kore ya ƙara hawa sama, cikin shekara 15 tafin yatsunsa masu mannewa suka ƙara faɗi.