Sharhi kan na'urar awon hawan jini mai batir, bayan aiki da ita a unguwannin Zariya

Na'urar da za mu yi magana a kanta ita ce irin ta dantse, wadda ake ɗaura maɗaurinta a saman gwiwar hannu, a danna maɓalli ta hura kanta, ta sace iskar a hankali, sannan ta nuna lambobi uku a fuskarta: lambar sama, lambar ƙasa da bugun zuciya. Batir huɗu take ci masu girman AA, tana da ramin adafta mai volt 6, kuma maɗaurin da ke zuwa a kwalinta na dantsen da kaurinsa ya kama daga santimita 22 zuwa 32 ne. Da ita muke awon manya a zauruka, da makarantun Islamiyya na matan aure, da harabar masallatai a cikin Birni da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. Ta cancanci kuɗinta. Amma kada kowa ya saye ta ba tare da ya haɗa da babban maɗauri ba, kuma za mu faɗi dalili.

Abin yabawa na farko shi ne ta cire kunnen ma'aikaci daga cikin lissafi. Tsohuwar na'ura mai zaiba da mai agogo duka suna buƙatar abin sauraro a kunne da wuri marar hayaniya, ga shi a bakin titin Kofar Doka ko kusa da injin markaɗe ba ka jin komai. Ga kuma ɗabi'ar nan ta cike lamba, 138 ta koma 140, 84 ta koma 80, wadda ko ƙwararriyar nas ba ta tsira daga gare ta ba. Wannan kuwa abin da ta gani shi take rubutawa. Mai zaiba dai duniya na kan hanyar yin bankwana da ita tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, mai agogo kuma da ta faɗi ƙasa sau ɗaya allurarta na iya kaucewa ba tare da kowa ya lura ba. Awo ɗaya bai cika kai minti guda ba, lambobin manya ne, dattijo mai raunin gani yana karanta nasa da kansa. Wannan na ƙarshe ya fi yadda ake zato amfani, domin mutumin da ya ga 168 da idonsa ya fi saurin yarda ya je asibiti a kan wanda aka gaya masa kawai cewa jininsa ya hau.

Babban aibinta maɗaurin ne. Santimita 32 ba ta isar mutane da yawa, musamman iyayenmu mata da suka manyanta da jiki, da 'yan dako da maƙera da mahauta masu ƙirar dantse. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, sai na'urar ta ƙara matsi kafin ta iya danne jijiya, sai ta ba da lambar da ta wuce gaskiya. Wani bincike da masanan jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka buga a 2023 ya nuna cewa wanda ke buƙatar babban maɗauri, in aka auna shi da matsakaici, lambarsa ta sama tana ƙaruwa da kusan 5, wanda kuwa ke buƙatar mafi girma tasa tana ƙaruwa da kusan 20. Ka ga ke nan mace mai 125 za a iya rubuta mata 145, a tayar mata da hankali, wataƙila har a ɗora ta kan maganin da ba ta buƙata. Ramammen tsoho kuma akasin haka ke faruwa da shi: maɗaurin ya yi masa yawa, lamba ta sauka, a sallame shi alhali jininsa a sama yake. Maganin abin ba shi da tsada. Tef ɗin tela ya zauna a jakar na'urar, a auna kaurin dantse a tsakiya, wato rabin tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu. Wanda ya wuce 32 a sa masa na 32 zuwa 42. Akwai kuma maɗauri mai ɗaukar 22 zuwa 42 gaba ɗaya, shi ya fi dacewa da aikin unguwa. Sai dai a tabbata na kamfanin na'urar ne kuma an yi shi don wannan samfurin, domin bakin tiyo yana iya shiga rami daram amma lissafin cikin na'urar bai san wannan maɗaurin ba.

Bayan maɗauri sai zama, kuma a nan ne yawancin awon unguwa ke lalacewa. Takardar cikin kwali ta zana mutum a kan kujera mai jingina da tebur a gabansa, mu kuwa tabarma da benci muke tararwa. Mutum yana zaune a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, hannunsa na lilo ko yana kan cinya, ba za a sami lambar kirki ba. Masanan jami'ar nan sun sake nunawa a 2024 cewa ɗora hannu a cinya yana ƙara wa lambar sama kusan 4, barinsa yana rataye a gefe kuma kusan 6 da rabi. Don haka kujerar roba mai jingina da ƙaramin tebur suna cikin kayan aiki, kamar yadda batir yake. Mutum ya jingina bayansa, tafin ƙafafunsa biyu a ƙasa, kada ya harɗe su, hannu ya kwanta a tebur har tsakiyar maɗaurin ya yi daidai da tsakiyar ƙirji. In tebur ya yi ƙasa a ninke darduma a tallafa. Ya zauna shiru minti 5 kafin a danna maɓalli. A tambaye shi ko yana jin fitsari, domin cikakkiyar mara tana ɗaga lamba. A tambaye shi ko ya ci goro, ko ya sha shayi ko kofi ko taba, ko ya shaƙi taba gari cikin minti 30 da suka wuce. Goron nan shi aka fi mantawa, alhali sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa.

Tufafi ma suna da nasu. A kan fata ake ɗaurawa, yatsa biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyo yana bin cikin hannu zuwa tafi, kuma a matse daidai yadda yatsu biyu za su shiga ƙarƙashi da ƙyar. Hannun babbar riga ba matsala ba ne, ɗage shi ake yi a kafaɗa. Matsalar tana ga kaftani mai dogon hannu da abaya mai matse dantse, waɗanda in aka naɗe su sama sai su shaƙe hannun. Gara a cire hannu daga rigar gaba ɗaya. Shi ya sa awon mata ke buƙatar ma'aikaciya mace da labule ko ɗaki, in ba haka ba za a auna ta kan hijabi da riga don kunya, a rubuta lambar da ba ta da amfani.

Sai magana. A zauren mai unguwa, dattijo yana zaune maɗauri na hurawa, duk wanda ya shigo sai ya yi sallama, shi kuma ba zai iya ƙin amsawa ba: ya gida, ya iyali, ya jiki, har ya ɗaga hannun da ake aunawa yana jinjina. Nan take na'urar za ta nuna alamar kuskure, ko ta ƙara hurawa har ya ji zafi, ko kuma mafi muni ta ba da lamba mai tsawo ba tare da ta yi ƙorafi ba. Abin da ke aiki shi ne a juya kujerar ta ba ƙofa baya, a sa mutum ɗaya a bakin zaure yana amsa gaisuwa a madadin kowa, a kuma gaya wa dattijon tun farko: “Baba, a yi mana haƙuri na minti ɗaya, ko wa ya yi sallama za a amsa maka.”

Awo ɗaya ba ya isa. Ranar farko a auna hannu biyu, wanda ya fi lamba shi za a riƙa bi daga nan. A yi awo biyu da tazarar minti ɗaya zuwa biyu, in sun yi nisa da juna a ƙara na uku a ɗauki matsakaicin biyun ƙarshe. Na farko kusan kullum ya fi tsawo saboda fargaba. Kuma na'urar ba ta yanke hukuncin cewa mutum yana da hawan jini. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne lambar sama 140 ko fiye, ko ta ƙasa 90 ko fiye, a ranaku biyu daban. Wanda ya kai haka a ba shi takarda zuwa asibitin sha-ka-tafi na unguwarsu a sake dubawa. Wanda ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa bayan ya huta an maimaita, ranar zai ga likita. In kuwa akwai ciwon kai mai tsanani, ko ciwon ƙirji, ko numfashi sama-sama, ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, ko ɓarin jiki ya yi nauyi, ba sauran jira, sai asibitin Gambo Sawaba da ke Kofar Gayan ko asibitin koyarwa na Shika, duk wanda ya fi kusa. Mai ciki ba a jira mata rana ta biyu: da ta kai 140 ko 90 a tura ta asibitin awon ciki ranar, saboda jijjigar haihuwa ba ta ba da dogon gargaɗi.

Akwai wata ƙaramar alama mai siffar zuciya da ke fitowa in bugun bai daidaita ba. Motsi kaɗai yana iya kawo ta, don haka a maimaita. In ta sake fitowa, a ɗora yatsu a wuyan hannu a ƙirga minti guda cur. Bugun da ke tsalle babu tsari yana sa lambobin irin wannan na'ura su zama abin shakka, kuma shi kansa dalili ne na tura mutum gwajin zuciya.

Wajen juriya, jikin na'urar ya fi kayan haɗinta ƙarko nesa ba kusa ba. Ƙurar hunturu tana cika wurin manne maɗaurin har ya riƙa ɓallewa ana tsakar hurawa. Tsohon burushin haƙori yana fitar da ita. Tiyo yana tsagewa a daidai bakinsa in ana naɗe shi da ƙarfi ko ana cire shi ta hanyar fizgar robar, kuma alamar yoyon iska ita ce inji ya yi ta ƙugi lamba ba ta hawa. Takardarta ta ce tana aiki tsakanin digiri 10 da 40, zafin Maris da Afrilu a Zariya kuwa yana taɓa wannan iyakar, don haka wadda ta wuni a but ɗin mota sai ta huce sosai a inuwa kafin a yarda da ita. Batir mai arha na tebur ba ya jure jan injin, yana mutuwa a tsakiyar layi, in an bar shi a ciki kuma ya zubar da ruwa ya ci ƙarafan. A sayi wanda aka rubuta “alkaline” a jikinsa, a canza huɗun tare, a cire su in za a ajiye na'urar fiye da 'yan makonni. Adafta ba ta da wani amfani a aikin unguwa. Kuma a tuna don gida aka ƙera ta: in layi ya yi tsawo a samu biyu ana musanyawa. Maɗauri ba a jiƙa shi a ruwa, goge shi ake yi da tsumma mai ɗan danshi ko audugar sifirit tsakanin mutum da mutum, kuma ba a ɗaura shi a kan gyambo ko ƙuraje.

Ma'ajiyar lambobinta tana da amfani ga mutum ɗaya a gidansa, amma a aikin jama'a rikici take kawowa, domin ba ta san na wane ne ba. Kati da biro sun fi ta: kwanan wata, hannun da aka auna, girman maɗauri, lambobin duka. Ga mai awo a gida, tsarin shi ne kwana 7, safe kafin shan magani da karin kumallo, da yamma, awo biyu kowane zama, a jefar da na ranar farko a haɗa matsakaicin sauran. A gida iyakar 135 da 85 ce. Abin da muke jin tsoro ga masu ita a gida shi ne su mayar da ita likita: lamba ta sauka a ajiye magani, ta hau a haɗiyi biyu. Saukar lambar aikin maganin ne, in an daina za ta koma inda take.

Minti biyar ɗin nan na hutu kafin awo shiru ake so, amma bayan an cire maɗauri mutum yana kallon lambarsa, a lokacin ne kunnensa ya fi buɗewa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce babba ɗaya cikin uku a duniya yana da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su sani ba. A nan ake faɗin cewa gishirin yini ɗaya kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi guda, kuma ɗunkule da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin. Daddawa da citta da tafarnuwa suna rage buƙatar ɗunkule a miya. A nan ake tambayar haɗin maganin ciwon jiki na kemis, domin diclofenac da ibuprofen suna ɗaga jini suna wahalar da ƙoda, haka ma ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Zoɓo marar sukari ba laifi, amma ba ya maye gurbin magani.

Ga mai niyyar saye a shagunan kayan asibiti na Sabon Gari ko PZ: ya guji ta wuyan hannu sai in dantsen ya wuce duk wani maɗauri, domin ɗan kaucewar hannu daga saitin zuciya yana canza lambarta. Ya duba lambar samfurin a jikin na'urar, ya nema a shafin STRIDE BP na intanet, inda ake jera waɗanda aka gwada ingancinsu a kan mutane. Ya sa a buɗe kwali a gwada ta a gabansa, ya karanta girman da aka rubuta a jikin maɗauri, ya karɓi rasit. Sau ɗaya a shekara kuma ya kai ta asibiti a gwama ta da tasu a hannu ɗaya, ana musanyawa. Bambancin da bai wuce 5 ba babu damuwa. In ya wuce 10 an maimaita bai canza ba, a fara canza maɗauri da tiyo, in bai gyaru ba a ajiye ta a sayi wata.