Kwalin ORS da zink a gidan da ke da 'yan uku: magani ne na ƙwarai, amma kwali ɗaya ba ya isa

A Kaduna, daga Kawo har Tudun Wada da Rigasa, da wuya ka shiga kemis ka rasa wannan ɗan kwalin da aka haɗa garin ORS (na haɗa ruwan gishiri da sukari) da ƙwayoyin zink a ciki, domin gudawar yara. Yawancin waɗanda ake sayarwa suna ɗauke da sacet biyu na garin, sai kati ɗaya mai ƙwayar zink goma, kowace miligiram 20. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ba da shawarar a riƙa haɗa magungunan biyu tun 2004, a 2019 kuma aka sa haɗaɗɗen kwalin cikin jerin muhimman magunguna. Ingancinsa ba abin gardama ba ne. Sai dai wanda ya tsara shi yaro ɗaya ya yi wa lissafi, kuma gidan da ke da 'yan uku da yayansu gudawa ba ta shigarsa da sallama ɗaya. Babban ya ɗebo daga makaranta ko Islamiyya, kafin kwana biyu ƙannen sun ɗauka.

Sacet na lita ɗaya nauyinsa giram 20.5 ne: gulukos 13.5, gishiri 2.6, sinadarin fotashiyam 1.5, sitiret 2.9. Wannan awon shi ne maganin. Sukarin ne ke jan gishiri ya ratsa hanji, ruwa ya bi bayansa. Shi ya sa kuskure mafi muni shi ne rage ruwa don wai "ya fi ƙarfi", ko ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha. Na farko yana cika jinin yaro da gishiri, na biyu yana ƙara gudawar. Kwalin ba ya zuwa da abin awo, kuma a nan ya gaza. Mafita mafi sauƙi ita ce ledar fiya wata biyu, idan an duba an ga 50cl a jikinta, domin akwai masu 60cl. Ƙaramar gorar ruwa mai 75cl ba lita ba ce, babbar mai lita ɗaya da rabi kuma ta zarce. A karanta jikin sacet ɗin ma, wasu na rabin lita ne. Ruwan rijiya ko na 'yan garuwa sai an tafasa ya huce. A juye garin duka, kada a raba shi da ido, kuma abin da ya kai awa 24 a zubar.

Ga lissafin da ya kamata a yi kafin a je kemis. Yaron da bai kai shekara biyu ba ana ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo, mai shekara biyu zuwa goma kuma 100 zuwa 200. A ce kowane cikin 'yan ukun ya yi zawo sau shida a yini, ana ba shi mililita 100 kowane karo: mililita 600 ke nan, su uku lita ɗaya da 800. Yayansu ya yi sau biyar, ana ba shi 200, lita guda. Sacet uku sun tafi a rana ɗaya, ban da wanda ya zube a tabarma da wanda aka tofar. Wanda ya sayi kwali ɗaya da magariba, kafin la'asar ta gobe ya koma neman wani. A sayi huɗu, kowane yaro da nasa, a ƙara sacet na ORS zalla kamar huɗu a ajiye. Idan 'yan ukun ba su kai wata shida ba, rabin ƙwayar zink ake ba su, wato miligiram 10, don haka kati biyu ya ishe su har da saura.

Ruwan ana iya haɗa shi a gora ɗaya mai murfi, amma kofi da cokali kowa da nasa. Sirinjin mililita 5 ko 10 wanda aka cire wa allura ya fi cokali aiki: ana zuba kaɗan a gefen kumatu duk bayan minti ɗaya ko biyu, kuma an san adadin da ya shiga. Yaro ya yi amai, a dakata minti goma a ci gaba a hankali, ba a daina ba. Nono kuma ba a tsayar da shi, sai ma a ƙara. Wanda ya fara cin abinci a ci gaba da ba shi kunu, ayaba, faten dankali, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Lemun kwalba ba ya maye gurbin ORS, sukarinsa ya yi yawa.

Zink ne iyaye suka fi yi wa sakaci. Ƙwayar tana narkewa a cokalin ruwa ko nono cikin ɗan lokaci, wannan abin yabo ne. Amma tana da ɗanɗanon ƙarfe, kuma idan cikin yaro babu komai takan tayar da zuciya, don haka a ba shi bayan ya ci ko ya sha nono. Sau ɗaya ne a rana har kwana goma, ko gudawar ta tsaya a rana ta uku, domin yana gyara bangon hanji, yana rage yiwuwar ciwon ya dawo a watanni biyu zuwa uku masu zuwa. A gidan 'yan uku akwai wata matsalar da takardar cikin kwalin ba ta san da ita ba: uwa ta ba Hassan, kaka ta zo ta sake ba Hassan tana zaton Husaini ne, Gambo kuwa bai samu ba. A rubuta sunan kowa a katinsa, a liƙa takarda a bango mai layi huɗu, duk wanda ya ba da magani ya ja alama, a rubuta yawan zawo da lokacin fitsari na ƙarshe. Masu kama da juna sosai a sa wa ɗaya ɗigon lalle a yatsa. Mutum ɗaya ne ya kamata ya riƙe ragamar zink.

Mai ɗanɗanon lemu yara sun fi karɓarsa, ko da yake aikinsu ɗaya da marar ɗanɗano. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a kuma girgiza sacet ɗin: idan garin ya dunƙule, danshi ya shige shi, abin da ke yawan faruwa da damina. Rubutun ƙanana ne kuma da Turanci, ya kamata a ce akwai Hausa da zane. Idan mai kemis ya ce a haɗa da Flagyl ko maganin tsayar da zawo ko "maganin haƙori", a ce masa an gode. Yawancin gudawar ƙananan yara ƙwayar bairos ce ke kawo ta, maganin kashe bakteriya ba ya taɓa ta, masu tsayar da zawo kuma haɗari ne ga yaro ƙarami. Haƙori ma an daɗe ana ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Akwai inda aikin kwalin yake ƙarewa. Idon yaro ya faɗa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ya kasa sha, yana amayar da komai, ko an ga jini a kashinsa, ko an ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, wannan na asibiti ne a take, ana tafe ana ɗura masa ORS idan yana iya haɗiya. Maɗigar da ta lotsa ƙarewar ruwa ce a jiki, ba abin shafa wa magani ba. Zazzaɓi tare da gudawa yana buƙatar gwajin maleriya. 'Yan uku sau da yawa bakwaini ake haihuwarsu, jikinsu ƙarami, ruwansu ba ya jimawa, saboda haka jaririn da bai kai wata biyu ba kada a tsaya jinyarsa a gida ko kaɗan. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada duk suna duba yara, ga kuma ƙananan asibitocin unguwa. A tafi da takardar bangon nan, za ta sauƙaƙa wa likita sanin wane ne ya fi galabaita.

In an je, a ɗauki katin rigakafin su ma. Tun watan Agustan 2022 Najeriya ta sa rigakafin rota, ƙwayar da ta fi kwantar da jarirai da gudawa, cikin waɗanda ake yi kyauta, ana ɗiga shi a baki a sati na 6, na 10 da na 14. A tabbatar an cike wa kowane cikin ukun a katinsa.