MoMo a Nima: ga baƙo, komai ya rataya ne a kan sunan da ke kan layi

Duk wanda ya zo Accra ci-rani daga Tawa, Dosso ko Sakkwato ya sauka a Nima ko Mamobi, kafin ya san hanyar banki zai san rumfar MoMo mai ruwan ɗorawa, wato inda ake ajiya, cirewa da tura kuɗi ta wayar hannu. Bayan dogon amfani da MoMo na MTN a waɗannan unguwanni, hukuncina shi ne: wajen hada-hadar yau da gobe ya fi banki sauƙi nesa ba kusa ba, amma ga baƙo akwai rami ɗaya tun a bakin ƙofa.

Ramin shi ne rajista. Ba a yi wa layin waya rajista ta dindindin sai da Ghana Card, wato katin shaida na ƙasar Ghana, kuma tun 1 ga Yulin 2022 bankuna ma shi suke nema. Wanda ba ɗan ƙasa ba akwai nasa katin a NIA, hukumar da ke ba da katin, sai dai a 2022 dala 120 ne karon farko, sabuntawa kuma dala 60 duk shekara. Ga mai tura baro ko mai tallan agogo, wannan jari ne guda. Shi ya sa da yawa ke roƙon mai masauki ko wani ɗan zango ya yi musu rajista da katinsa. Layin zai yi aiki lafiya lau har ranar da waya ta ɓace ko lambar sirri ta toshe. A ofis mai katin kaɗai za a saurara. In ya yi tafiya, ko kun ɓata, ko ya rasu, kuɗin na nan kana ganin hayaƙinsu amma ba naka ba ne a takarda. Mai irin wannan layi kada ya bar abin da ya wuce cefanen mako a ciki.

Cire kuɗi ba wuya. Ka danna *170#, ka zaɓi lamba 4 ka ba da izinin cirewa, mai rumfa ya turo saƙo, ka duba adadin, sannan ka sa lambobinka huɗu da hannunka. Ko da yake menu na Turanci ne, kada ka miƙa masa wayar. Ka haddace jerin, kwana biyu ya isa. Ladan cirewa kusan kashi 1 cikin 100 ne. Harajin tura kuɗi ta waya, wato E-Levy, da aka ɗora a 2022 an soke shi a Afrilun 2025, don haka turawa ta yi sauƙi, har zuwa layin Telecel.

'Yan damfara kuwa salonsu bai cika canzawa ba: saƙon ƙarya ya shigo cewa an turo maka kuɗi, sai kira ya biyo da murya mai ban tausayi, "Ɗan'uwa, kuskure na yi, ka maido mini don Allah." Kafin ka amsa komai, duba ragowar kuɗinka ta *170#. Wanda duk ya nemi lambar sirrinka, ko ya ce daga kamfani yake, ɓarawo ne.

Inda MoMo bai gamsar da ni ba shi ne ajiya mai tsawo. Cikinsa sidi ne, iyali kuma a Nijar sefa suke ci. A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 zuwa kusan 15, alhali sefa na ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya. Wanda ya tara na damina a waya ya ga gero ya yi masa nisa. Gara a riƙa aikawa kaɗan-kaɗan ta ofisoshin aika kuɗi da ke da rassa a Nijar, kuma tambaya ɗaya ce mai amfani a wurin: jaka nawa za ta isa hannun mai karɓa? Ladan da aka rubuta a allo ba shi ne duka ba, ragowar yana ɓoye a farashin canji.

Mai susu, wato adashin da ake bi rumfa-rumfa ana karɓa kullum, har yanzu yana da kasuwa, don ba ya tambayar kati. Zubin kwana ɗaya a wata shi ne ladansa: mai zuba sidi 20 kullum, 20 zai bari a ƙarshen wata. Ka tabbata ana sa hannu a katin zubinka duk ranar da ka zuba.