Tsoron kwanciyar aure a ƙasashen Larabawa: wane magani ya cancanci kuɗinku?

A asibitocin mata na Alƙahira, Jidda, Amman da Khartoum akwai ƙorafin da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa: an yi biki wata shida, wani lokaci shekara biyu, har yanzu aure bai tabbata a shimfiɗa ba. Amarya ba ƙin mijinta take ba. Da zarar an kusanci gabanta sai cinyoyi su haɗe, tsokar bakin farji ta ƙulle kamar an zura sakata, numfashi ya sarƙe. Likitocin can suna kiran sa attashannujul mahbali, kuma da wannan sunan ake neman maganinsa. Tsoro ne ke ƙulle tsokar, ƙullewar ta jawo zafi, zafin ya ƙara tsoro. Labaran jinin daren farko da 'yan mata ke tasowa da su, da dangin da ke jiran albishir washegari, su ne itacen wutar. 'Yan uwanmu mazauna Makka, Madina da Sudan, da ɗalibanmu na Masar, waɗannan asibitocin suke zuwa, kuma kayan da ake tallata wa Larabawa su ake tallata musu.

Ra'ayinmu a taƙaice: abin da ke warkarwa shi ne mace ta saba da shigar abu gabanta a hankali, da hannunta, da ikonta. Duk sauran magunguna taimako ne ga wannan, kuma da wannan ma'aunin ya kamata a auna farashinsu.

Kuɗin farko na likitar mata ne, ba na kantin magani ba. Dole a tabbatar babu ciwon sanyi mai kaikayi, ko bushewar gaba irin ta shayarwa, ko ciwon fatar bakin farji, ko tantanin budurci mai kauri ko mai ƙaramar kafa. Ga matan Sudan akwai ƙarin tambaya: kaciyar fir'auna, wadda ake ɗinke bakin gaba. Sudan ta haramta kaciyar mata a 2020, Masar tun 2008, amma matan auren yau da yawa an yi musu kafin nan. Wadda aka ɗinke, ƙaramin aikin buɗe ɗinkin take buƙata tukuna, domin tabo ba ya saki don an lallashe shi. Likita mai sanin aikin ba ta tilasta gwaji. Tana auna matakin matsalar da sikelin Lamont na 1978: mataki na ɗaya tsokar tana saki idan an kwantar wa mace da hankali, na biyu ba ta saki, na uku mace tana ɗaga ƙugu don ta kauce, na huɗu ta matse cinyoyi ta ja da baya gaba ɗaya. Likitar da ta ce "ki daure kawai" tana cusa ƙarfen awo, a tashi a nemi wata.

Sandunan sabo, wato waɗanda mace ke sa wa a gabanta don ta saba, waɗanda ake kira muwassi'at mahbaliyya a kantunan magani, su ne sayayyar da ta fi kowace riba. Suna zuwa jeri, daga huɗu zuwa takwas, ƙaramar kamar ɗan yatsa, babbar ta kusan santimita huɗu a kauri. Iri biyu ne. Na roba mai tauri, irin Amielle, sun fi araha, suna da mariƙi, kuma taurinsu yana da amfani wajen danna tsokar da ta ƙi saki, amma mai tsananin tsoro kan firgita da su. Na silikon, irin Intimate Rose, suna lanƙwasa, suna ɗaukar ɗumin jiki, tazarar da ke tsakanin girma da girma ba ta da yawa, sai dai tsada. Ga mataki na uku da na huɗu mun fi son na silikon. Abin dubawa kafin a biya shi ne girman ta farko da tazarar matakai. Jeri mai arha da ya yi tsalle daga yatsa zuwa babba yakan tsayar da mace a tsakiya, ta ɗauka ita ce ta kasa. A haɗa da man santsi mai ruwa, domin man silikon yana lalata sandar silikon.

Yadda ake aiki da su: a kulle ɗaki, ta kishingiɗa da matashi a baya, gwiwoyi a lanƙwashe. Ta ja numfashi har ciki ya kumbura, ta matse tsokar kamar mai riƙe fitsari na daƙiƙa biyar, ta saki, kuma a kan sakin nan ne za ta tura sandar, tana karkata ta wajen ƙashin baya, ba sama wajen mafitsara ba. A nan mafi yawa ke kuskure, su taɓa mafitar fitsari, ya yi raɗaɗi, su ajiye kayan. Ta bar ta a ciki minti 10 zuwa 15, sau huɗu ko biyar a mako. Jin miƙewa daidai ne, zafi mai suka alamar a dakata ce. Ba a hawa ta gaba sai wadda ake kai ta shiga ba fargaba sau da dama a jere, kuma kullum a fara da ƙarama kafin babba. A wanke da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Wata mako shida ya ishe ta, wata sai ta yi watanni.

Wadda ta sayi sandunan ta kasa ko taɓa kanta da su, mai gashin tsokar ƙugu take buƙata, wato ƙwararriyar ilajud ɗabi'i ta ɓangaren mata. Tana koya wa mace gane lokacin da take matsewa ba ta sani ba, wani lokaci da na'urar da ke nuna motsin tsokar a allo. Ana samun su a manyan birane, kuma a tambaya ko ta ƙware a ƙugun mata, don ba kowace mai gashi ba ce. Masu ba da shawarar halayya kuma suna kama tushen tsoron: jahiltar halittar jiki, tarbiyyar da ta nuna wa yarinya cewa wurin ƙazanta ne, ko cin zarafin da aka taɓa yi mata. Idan akwai na ƙarshen, wannan ba zaɓi ba ne, wajibi ne. Manhajoji irin su Shezlong ta Masar da Labayh ta Saudiyya suna ba da damar magana ba tare da an ga mace a bakin asibiti ba. Sai dai hira kaɗai, ba aikin gida da sanduna, takan ci kuɗi ƙofa na nan a rufe.

Allurar Botox ita ce aka fi kwarzantawa a asibitocin kuɗi na yankin Gulf da Masar, kuma ita ce ta fi tsada. Ba sabuwa ba ce a can: likitan tiyata Ahmed Shafik na Alƙahira ya wallafa gwajinta a kan wannan matsalar tun 2000. Tana kashe ƙarfin tsokar na wata uku zuwa huɗu, tana fara aiki cikin kwanaki zuwa mako biyu, kuma a wasu matan tana iya jawo ɗigar fitsari na ɗan lokaci. Tsokar take sassautawa, ba tsoron ba. Asibitin da ya yi allura ya sallami mace ba sanduna ba bibiya, rabin magani ya sayar. Wurinta mataki na huɗu ne, ko bayan an gwada sauran da gaske.

Man lidokain, mai kashe jin zafi a fata, yana taimakawa idan zafin a bakin gaba yake: a shafa kaɗan minti 15 kafin atisaye, a goge. Haɗarinsa shi ne a kashe wurin don miji ya shiga da ƙarfi, a tashi da yagewa. Ƙwayoyin kwantar da hankali irin diyazefam suna sa barci da sabo, kuma ba a riƙe su a ƙasashen Gulf sai da takardar likita. Tiyatar yanke tantani kuwa, in ba gwaji ya nuna toshewa ba, asara ce, tana iya barin tabo mai zafi.

A Masar ana cewa rabɗ ne, an ɗaure ma'auratan, a Tunisiya da Aljeriya kuma akwai tasfih, kullen da ake yi wa yarinya tun tana ƙarama. Mace ta yi addu'a da ruƙiyyarta, natsuwar da take samu tana da amfani. Amma mai karɓar kuɗi wata bayan wata, ko mai neman keɓewa da ita, ko mai ba da abin cusawa a gaba, a rabu da shi.

Rabon miji ba ya cin ko sisi, amma shi ya fi wahalar samu. A dakatar da yunƙurin shiga gaba ɗaya har sai ta kai babbar sanda, wasa da sauran jin daɗi su ci gaba. Maza da yawa ƙarfinsu kan ragu bayan watanni ana gwadawa ana kasawa, sai su sayo sildenafil, maganin ƙarfin maza, su ƙara matsa mata. In ya zama dole a duba shi ma. Ranar gwaji na farko ta sa babbar sandar minti goma tukuna, ta hau sama, ta riƙe da hannunta ta shigar da kai kawai, ba motsi, shi kuma ya tsaya cak har sai ta ce a ci gaba.