CBD Tarot de Marseille: kwali mai kyau ga mai nazarin zane, amma sai da haƙuri

Kati 78 ne a cikin kwalin, kamar kowane cikakken Tarot, wato tsohon nau'in katunan Turai masu hotuna. Manya 22 masu hotunan mutane da halittu, sai ƙanana 56 da aka kasa gida huɗu: kofuna, sulalla, takubba da sanduna. Kowane gida yana da kati goma na ƙirge, daga ɗaya zuwa goma, da huɗu na fada, wato hadimi, barde, sarauniya da sarki. Haruffan CBD kuwa sunayen mutum biyu ne aka haɗa. Nicolas Conver mai buga kati ne a birnin Marseille na Faransa, kuma bugunsa mai ɗauke da shekarar 1760 ya zama abin koyi ga masu wannan salon. Yoav Ben-Dov, wanda ya rasu a 2016, shi ya ɗauki wannan tsohon bugu ya sa aka sake zana shi tsaf, layi bayan layi. Kamfanin U.S. Games Systems na Amurka ne ke buga shi yanzu.

Da yawa suna sayen Tarot don duba. Babu wata hujja da ta nuna cewa takarda mai launi ta san abin da gobe za ta haifar, hukuncin duba a Musulunci kuma sananne ne. Wannan sharhi ya tsaya ne a kan zanen: me aka zana, daga ina ya fito, kuma ko wannan bugu yana taimakon mai son fahimtarsa. Tun asali ma Tarot kayan wasa ne. A arewacin Italiya aka fara shi wajen shekarun 1440, a gidajen masu mulki irin na Milan da Ferrara, inda manyan katunan nan suke cinye kowane kati a wasa. Gidaje huɗun sun girme shi, domin daga katunan Mamluk na Masar suka shiga Turai a shekarun 1370, kuma akwai ragowar irin waɗannan a fadar Topkapi ta Istanbul. Maganar cewa katunan sun ɓoye sirrin tsohuwar Masar sai a 1781 Antoine Court de Gébelin ya ƙago ta, fiye da shekara ɗari uku bayan an fara wasan.

Babban abin da CBD ya fi sauran da shi shi ne ido yana ganin komai. A zamanin Conver, katako ake sassaƙawa a buga baƙin layi, sannan a ɗora takarda mai huji a goga launi ɗaya bayan ɗaya. Idan katakon ya tsufa layi ya kakkarye, idan takardar ta goce kaɗan ja ya hau inda ya kamata shuɗi ya zauna. Mai kallon kwafin tsohon bugu yakan ɓata lokaci yana tambayar kansa ko wannan yatsa ne ko tabon tawada. A CBD an cike layukan, launi ya zauna cikin iyakarsa, kuma an riƙe shuɗi mai haske da kore da launin fata waɗanda ke cikin tsoffin bugu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka kwatanta da bugun Grimaud na 1930, wanda Paul Marteau ya fitar, inda ja da shuɗi mai duhu da rawaya suka mamaye kusan komai, har tufafi da ƙasa da ruwa suna neman zama abu ɗaya.

Ga yadda ya fi dacewa a fara. A ajiye ɗan littafin da ke cikin kwalin gefe tukuna. A ware manya 22, a fitar da Le Mat, wato wawa mai tafiya da sanda, wanda ba shi da lamba, a jera sauran 21 sahu uku, bakwai-bakwai. Katin ya fi na karta tsawo, wajen santimita 12 ne, saboda haka wannan jeri yana son fili kusan rabin mita a faɗi. Sai a ɗauki kati ɗaya a rana, a rubuta abin da ido ya gani kawai, ba tare da fassara ba: mutum nawa, ina kowa yake kallo, me ke hannun dama, me ke na hagu, ƙafa tana taka ƙasa ko tana lilo, wane launi ya fi yawa. Minti goma sha biyar ya isa. Wanda ya fara da karanta ma'ana, daga nan kalmar da ya karanta zai riƙa gani, hoton ya ɓace masa.

A ɗauki na farko, Le Bateleur. Saurayi ne tsaye a bayan tebur, da hula mai faɗin baki, ɗan gajeren sanda a hannu ɗaya, wani abu zagayayye tsakanin yatsun ɗayan. A kan teburin akwai kofuna, wuƙa, 'yan sulalla da jaka. Ƙafafun teburin uku ake gani, na huɗun ya faɗa bayan iyakar katin. Idonsa ba ya kan hannunsa, gefe yake kallo. Wannan ɗan dabo ne na bakin titi, mai wasan kofi da ƙwallo, wanda aikinsa ya janye hankalinka daga inda abin yake faruwa. Shi ya sa aka ba shi lamba mafi ƙanƙanta cikin manya. Daga baya ne masu ilimin ɓoye suka naɗa masa rawanin babban matsafi. Yanzu a ɗauko na goma sha ɗaya, La Force, macen da ta riƙe bakin zaki, a ajiye ta ƙarƙashinsa. Hular kusan iri ɗaya ce. Irin wannan amsa-kuwwa tsakanin katuna ita ce ribar jera su a fili, kuma tsabtar layin CBD tana sa a gan ta nan take.

Haka za a ci gaba da neman abokan juna. Le Mat da kati na goma sha uku, ƙwarangwal mai lauje wanda aka bar shi babu suna, duk biyun suna tafiya dama, kuma sandan wannan da ƙotar laujen wancan sun karkata kusan iri ɗaya. Ɗaya yana da suna ba lamba, ɗaya yana da lamba ba suna. Mai lamba XIIII tana zuba ruwa daga tulu zuwa tulu ba ta zubar da ko ɗigo, mai lamba XVII kuwa ta durƙusa tana tuttular da tuluna biyun gaba ɗaya, taurari takwas a samanta, babba ɗaya da ƙanana bakwai, ga tsuntsu a kan bishiya can baya. Idan aka ajiye III mai hoton sarauniya a hagu da IIII mai hoton sarki a dama, sarkin da aka zana ta gefe sai ya fuskanci matar. Aka juya jerin, sai ya ba ta baya.

Wani lokaci ido kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da tarihi. Mutumin da aka rataye ta ƙafa ɗaya a kati na XII, littattafan zamani suna cewa sadaukarwa ce da haƙuri. A Italiya ta wancan zamani kuwa haka ake zana maci amana a bango don a kunyata shi. Tsohon da ke riƙe da fitila a VIIII, a tsoffin katunan Italiya agogon yashi ne a hannunsa, domin shi ne Lokaci. Ɗan littafin CBD ya fi karkata ga yadda ake karanta kati, saboda haka irin wannan bayani sai an neme shi a littattafan tarihin wasan kati.

Ƙananan katunan su ne inda mafi yawan mutane ke karaya, kuma a nan ne mai saye ya kamata ya san abin da ya saya. Babu labari a cikinsu. Biyar na kofuna kofi biyar ne da ganyaye, shi ke nan. Kuskuren farko da kowa ke yi shi ne rikita takubba da sanduna, don duka biyun an saƙa su cikin juna. Ƙa'idar mai sauƙi ce: takubba lanƙwasassu ne, suna yin da'ira mai tsawo kamar ƙwai, sanduna kuwa miƙaƙƙu ne, suna gicciye juna a tsakiya. A takubba, idan adadin ya rabu biyu daidai, fure ne a tsakiyar da'irar. Idan bai rabu ba, miƙaƙƙen takobi ɗaya ne ya ratsa ta. Goma ce ta fita daban, da lanƙwasassu takwas da miƙaƙƙu biyu. Sulalla kuma ba a rubuta musu lamba, sai an ƙirga. A jera gida huɗun sahu-sahu, goma sha huɗu a kowane sahu, abin da zai ci kusan mita guda, sannan a bi ganye da fure daga biyu zuwa goma: inda suka toho, inda suka buɗe, inda kayan suka yi yawa har suka matse su. A goma na kofuna, tara suna tsaye uku-uku, babba ɗaya yana kwance a samansu. Hadimin sulalla yana da biyu, ɗaya a hannu ɗaya a ƙasa kusa da ƙafarsa. Barden gidan nan kuwa ko taɓa nasa bai yi ba, yana shawagi a gabansa, shi sanda ya riƙe.

Lambobin ma suna tuntuɓe da sabon shiga. Huɗu IIII ake rubutawa, tara VIIII, goma sha tara XVIIII, ana ƙarawa ne kullum ba a ragewa. Sunayen duka da Faransanci suke, kuma a bugu na wannan salo harafin V yakan tsaya a madadin U. Wanda bai iya harshen ba ya rubuta fassarar sunaye 21 ɗin a takarda guda ya ajiye kusa, cikin mako biyu zai daina buƙatarta.

Matsalar da ta fi kowace ɓata wa mutane nazari ita ce haɗa wannan kwali da littafin da aka rubuta don wani. Yawancin abin da ke intanet an gina shi ne a kan katunan da Pamela Colman Smith ta zana bisa umarnin A. E. Waite, waɗanda suka fito a Landan a 1909. A can an musanya wuraren kati biyu: Ƙarfi, wato La Force, ya koma takwas, Adalci ya koma goma sha ɗaya, alhali a Marseille Adalci ne VIII. Kati na shida a can namiji ne da mace da mala'ika a sama. A nan saurayi ne tsakanin mata biyu, ga yaro mai fukafukai ya ɗana kibiya. Uku na takubba a can zuciya ce da aka soke, a nan babu zuciya ko kaɗan. Mai riƙe da CBD yana karanta bayanin wancan zai ta neman abin da ba a zana ba.

CBD ma yana da nasa aibin, kuma daga inda ƙarfinsa yake ya fito. Duk wanda ya gyara tsohon zane, dole ya yanke hukunci a wurin da layi ya ɓace, kuma mai kallo ba zai san ina ne Conver ya tsaya, ina ne mai gyara ya ɗora ba. An ɗan sassauta fuskoki, sun fi na asali fara'a, alhali tsoffin suna da wani irin kallo mai kaushi da ya dace da wasu katunan. Ben-Dov dai bai yi nisa irin na bugun Camoin da Jodorowsky na 1997 ba, wanda ya sa abubuwa kamar ƙwai a gefen La Papesse, matar da ke kati na II, abin da har yau masana ke jayayya a kansa. Duk da haka, kafin a gina wata babbar ma'ana a kan ɗan ƙaramin abu, kamar launin takalmi ko adadin ɗigo, a duba hoton ainihin bugun Conver. Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Faransa ya sa nasa a intanet. Idan abin bai bayyana a can ba, kuma babu shi a bugun Jean Noblet na Paris na wajen 1650 ko na Jean Dodal na Lyon na farkon ƙarni na 18, to zaɓin mai gyara ne. Noblet ma ya rubuta wa na goma sha uku suna ɓaro-ɓaro, wanda ya isa ya rage zafin dogayen bayanan da ake yi a kan rashin sunansa.

Akwai kuma abin da ya kamata a faɗa wa mai saye tun kafin ya buɗe kwalin a gaban mutane. Katuna kamar XV, XVII, XX da XXI suna da hotunan mutane tsirara, akwai hoton Iblis da na mala'ika da na Fafaroma, domin duniyar Kiristocin Turai ce ta haifi zanen. Ba abin da za a bari a hannun yara ba ne.

Ga mai son ganin tsufan takarda da kuskuren mai buga kati, kwafin asali irin na kamfanin Héron ya fi masa. Ga wanda yake son hoto mai ba da labari a kowane kati, salon Marseille gaba ɗaya zai gundure shi. Wanda kuwa yake son ya koyi tsarin gargajiya da idonsa, CBD ne wurin farawa, daga baya ya ƙara da kwafin asali don gwadawa. Idan ya iso, a ƙirga katunan su cika 78 kafin a gauraya su, a duba biyu na sulalla, inda al'adar masu bugu take rubuta suna a kan ƙyallen da ya naɗe sulallan biyu. Jabu sun yi yawa a kasuwannin intanet, kuma alamarsu kati ƙarami, launi dishi-dishi, da lambar da ake ɗauka da waya a madadin ɗan littafi.